Ranar da Kwamfutar Baffa Ta Ƙame

Na san makon jiya na yi muku alkawarin za mu ɗora kan maganar koyon buga rubutu da yatsu goma. To ku yi min afuwa, na ɗage ta zuwa mako mai zuwa. Wani abu ne ya same ni a gida wanda ya cinye min ƙarshen mako biyu cur, kuma da na koma makaranta sai na tarar da saƙon wata ɗaliba daga wajen Bichi tana kuka da irinsa. An ba yayanta tsohuwar kwamfuta, sun kunna, ta fara 'yan tambayoyin nan na farko, wace ƙasa kake, wane harshe kake so, sai ta tsaya cak. Sun kashe sun kunna har sun gaji. Tambayarta ita ce: ta mutu ke nan, ko da sauran magani? Ga abin da ya faru da ni, ina ganin amsarki tana ciki.

Garinmu yana arewacin Kano, ka bar titin Kazaure bayan ka wuce Ɗambatta ka yanki hanyar burji. Irin ƙauyukan nan ne da gari yake manne da gari, gona na manne da gona, ba ka iya cewa ga inda namu ya ƙare na maƙwabta ya fara. Ina da ƙanwa, 'yar Baffana, tana ajin ƙarshe na sakandare, ta yi rajistar JAMB bana. Yarinya ce mai ƙoƙari, lissafinta ya fi nawa lokacin da nake kamarta, wannan ba yabon gida ba ne. Matsalarta guda: yatsanta bai taɓa danna madannin kwamfuta ba sai ranar da aka kai su rajista aka ɗauki hoton yatsunta.

Kun san tun 2015 JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir gaba ɗaya, kowa a kwamfuta yake rubutawa. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Ingilishi, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Ku raba minti 120 da 180, za ku ga daƙiƙa 40 ce rak ke kan kowace tambaya. Wanda ya ɓata minti goma na farko yana neman inda harafin N yake, ko hannunsa na karkarwa a kan linzami, ya zubar da lokacin tambaya goma sha biyar tun bai fara ba. Baffa bai san wannan lissafin ba, amma ya ji labarin yaran garinmu da suka je suka dawo suna cewa sun san amsa, na'ura ce ta ruɗa su. Sai ya ɗaure buhun gyaɗa biyu daga abin da ya ajiye, ya sayar, ya shiga Kano da kansa ya sayo kwamfuta ta hannu, irin wadda ake kawowa daga waje. Bai shawarci kowa ba, har ni da ake kira ɗan kwamfuta a gidan. Sai waya kawai na ji: "Ka zo ranar Juma'a ka haɗa wa ƙanwarka wannan abin."

Dell ce, ƙirar OptiPlex 780, ta tebur, da allonta da madanninta da linzaminta. Wannan ƙirar ta fito ne wajen 2009, ke nan kusan sa'ar ƙanwar tawa ce. Da na gan ta ban ji haushi ba. An yi irinsu ne don ofisoshi, suna da ƙwari, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu a Kano. Mai shagon ya gaya wa Baffa cewa ya riga ya ɗora mata sabuwar Windows, kunnawa kawai za a yi a amsa tambayoyi.

Bayan isha'i aka tayar da ɗan ƙaramin inji, aka shimfiɗa tabarma a zaure, yaran gida suka kewaye ni kamar za a nuna fim. Na danna. Ta yi ƙara, alamar Dell ta fito, sai shuɗin allo. Ta tambayi ƙasa, na zaɓi Najeriya. Ta tambayi tsarin madannai, na zaɓa. Sai 'yan ɗigon nan suka fara zagaye, suna zagaye, suna zagaye, sai suka tsaya a wuri ɗaya kamar an ɗauke su hoto.

A nan ne darasi na farko, kuma shi ne wanda mutane suka fi kuskurewa. Tsayawa iri biyu ce. Akwai kwamfutar da aiki ya yi mata yawa take tafiyar hawainiya, akwai kuma wadda ta ƙame ɗungurungum. Tsohuwar kwamfuta kan iya yin minti ashirin ko talatin a kan allo ɗaya lokacin shirin farko alhali aiki take yi a ciki. Idan ka kashe ta a wannan hali, kai ne ka ɓata aikin da hannunka. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A gefen hagu na madannai akwai maɓallin Caps Lock, yana da 'yar fitila a saman madannan. Danna shi. In fitilar ta kama, ka sake dannawa ta mutu, to kwamfutar tana jin ka, ƙyale ta. Sannan dubi gaban akwatin, akwai wata 'yar fitila da ke ƙyaftawa duk lokacin da ake karatu ko rubutu a ma'ajiyar bayanai, wadda masu gyara ke kira had-dis. In tana ƙyaftawa, aiki ake yi. Tamu fa? Na danna Caps Lock sau biyar, fitila ko gezau. Na motsa linzami, kibiya ba ta motsa ba. Fitilar gaba ma shiru. Duk da haka na ba ta rabin awa, man inji na ƙonewa, Baffa na zaune a kan buzunsa yana jan carbi bai ce uffan ba. Shirun nan nasa ya fi faɗa ciwo.

Na danne maɓallin kunnawa har ta mutu, na sake kunnawa. Wannan karon ko tambayar madannai ba ta kai ba. Sai na yanke hukunci irin na mai ɗan sani: mai shago ne bai iya ɗora Windows ba. Ina da filashi a aljihu mai ɗauke da Windows 10, na ce bari in share tasa in ɗora tawa. Ku lura da kyau, na yi haka ne don babu komai na kowa a cikinta. In kwamfutar da ke gabanku tana da hotuna ko takardun wani, kada ku kuskura ku share sai an kwashe. Na soka filashi, na kunna ina danna F12, wanda a Dell shi ne ke fito da jerin inda kake so ta tashi. A HP yawanci F9 ne. Ta karɓa, ta fara kwafe fayiloli, lambobi na hawa. Na fara murmushi. Tana kai kashi 12 cikin ɗari ta ƙame.

"Yaya, ko in ɗauko littafi in riƙa rubutawa?" in ji ƙanwata. Na ce ta rubuta me? Ta ce duk inda ta tsaya, da abin da na taɓa kafin nan. Na ce ta yi, don dai in sallame ta. Wannan littafin ne ya fitar da mu daga baya, amma ba mu zo wurin ba tukuna.

Da safiyar Asabar na fara zargin wuta. Ƙananan injina wutarsu hawa da sauka take yi, ana kunna wani abu mai ja sai ka ga ƙwan fitila ya dushe. Kwamfutar tebur ba ta da batirin da zai tare mata wannan kamar laftof. Gaskiya wuta mara ƙarfi ta fi sa kwamfuta ta mutu ta sake tashi da kanta fiye da ta ƙame, amma ba zan iya cire ta daga zargi ba sai na gwada. Muka ɗora akwati da allo a baro, muka tura zuwa shagon mai cajin waya a bakin kasuwa, wanda yake da sola da babban batir da inbata. Ya yarda, da sharaɗin za mu biya kuɗin cajin waya goma. Kafin mu gama jona wayoyi an cika ƙofar shagon. Wani dattijo ya ce ai kayan Turawa ba sa son zafin ƙasarmu. Wani matashi ya ce bairos ne. Duk abin da ya sami kwamfuta a ƙasar nan bairos ne, ko da faɗowa ta yi daga kan tebur. Na cire duk abin da ba dole ba, har da 'yan lasifikun da mai shago ya haɗa wa Baffa kyauta, na bar allo da madannai da linzami kawai. Filashin ma na cire shi daga ramin gaba na mayar da shi na baya, domin ramukan baya a jikin babban allon cikin kwamfutar suke kai tsaye, na gaba kuwa da waya aka jawo su, kuma su aka fi wahalarwa da soke-soke. Ta tashi, ta fara. Kashi 31, ta ƙame. Wuta ta fita daga zargi.

Daga nan na shiga BIOS. Ga waɗanda ba su san shi ba, wani ɗan ƙaramin shiri ne da ke zaune a jikin babban allo, shi yake fara tashi kafin Windows, ya duba kayan da ke ciki, sannan ya miƙa wa Windows ragama. A Dell da F2 ake shiga da zarar an kunna, a HP F10. Abu na farko da idona ya gani shi ne kwanan wata: shekaru da yawa baya, agogon ma ba daidai ba. Wannan alama ce ta cewa ɗan batirin da ke cikin akwatin ya mutu. Batir ne zagayayye mai kama da kwabo, an rubuta CR2032 a bayansa, bolt 3 ne, irin wanda ake sa wa wasu makullan mota da ƙananan sikeli. Shi yake riƙe wa kwamfuta lokaci da saitinta idan an zare ta daga wuta. In ya mutu, duk sanda aka cire filogi sai ta manta komai ta koma yadda ta fito daga kamfani. Kada ku raina shi. Agogon da ba daidai ba yana hana shafuka da yawa buɗewa a intanet, kuma in saitin yadda kwamfutar ke magana da had-dis ya sauya daga wanda aka ɗora Windows da shi, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Na gyara kwanan watan, na ƙudurta washegari Lahadi, ranar kasuwar Ɗambatta, zan aika a sayo sabo wurin masu agogo.

Ina cikin BIOS ɗin na yi wani gwaji da nake so ku riƙe, don ba ya cin ko sisi. Na bar ta a nan rabin awa, ina danna kibiya sama da ƙasa lokaci zuwa lokaci. Ba ta ƙame ba. Da ta ƙame a nan, da na san babu ruwan Windows, babu ruwan filashi, ciwon a jikin ƙarfen yake, kuma mai tsanani. Tunda ba ta ƙame ba, ke nan sai an ɗora mata aiki mai nauyi take sarewa. Me ke sarewa in aiki ya yi nauyi? Abin da ya fara zuwa raina shi ne zafi.

Muka zare filogi. Na danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar da ke ciki ta fita, na taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin in taɓa komai a ciki, saboda wutar nan da ke taruwa a jikin mutum lokacin hunturu, wadda kake jin ƙyas in ka cire rigar sanyi, tana iya kashe ƙananan kayan ciki. Na buɗe murfi. Wayyo! Ƙura ta yi kafet a tsakanin fanka da ƙarfen da ke shanye zafin furosesa, ka ce auduga aka cusa. Ba ƙurar garinmu ba ce kaɗai, wannan ta shekaru ce, daga ofishin da ta fito har shagon da ta zauna ta sha hunturun Kano. Ba mu da injin hura iska, sai muka ari famfon keke da burushin fenti busasshe. Ƙanwata na bugawa, ni ina riƙe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kada ku hura da baki, yawu na bi. Kuma akwai wani akwatin ƙarfe a ciki wanda wayar wuta ke shiga, wannan ku hura ta raminsa kawai, kada ku kwance shi ko da wasa, yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare filogi.

Na rufe ina jin kaina. Na ce wa jama'a yanzu za ku gani. Ta wuce 12, ta wuce 31, ta wuce 50. Mai shago har ya miƙo min hannu. Kashi 64, ta ƙame.

Ba zan ɓoye muku ba, a nan raina ya ɓaci. Jama'a suka fara watsewa, matashin nan na cewa ai ya faɗa. Na gwada sau biyu kuma kafin la'asar, 47 da 9. Muka tura baro muka koma gida. A hanya na riga na gama shirya abin da zan gaya wa Baffa: had-dis ne ya lalace, sai an sayi sabo, gara ma a sayi SSD. Wato in ce wa mutumin da ya sayar da gyaɗarsa ya sake fito da wani kuɗin, a kan zato.

Da daddare na durƙusa na fara yi masa bayani. "Baffa, a yi haƙuri, ina jin ma'ajiyar ce ta mutu." Ya dube ni ya ce, "Kana ji ne, ko ka gani?" Na yi shiru. Ya ce shi bai san wannan na'ura ba, amma shekararsa ashirin yana fama da injin ban ruwa a fadama, kuma bai taɓa sayen kaburata ba sai ya tabbatar ba fulogi ba ne, ba mai ba ne, ba iska ba ce. "Ɗaya ake cirewa a gwada, ɗan nan. In ka sauya uku lokaci ɗaya ta tashi, ba ka san wanda ya warkar da ita ba. In ba ta tashi ba, ba ka san komai ba."

Sai ƙanwata ta matso da littafinta. "Yaya, ka duba. Sha biyu, talatin da ɗaya, sittin da huɗu, arba'in da bakwai, tara. Ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya sau biyu ba. In filashinka ne yake da wurin da ya lalace, ai duk sanda ta zo wurin za ta tsaya ko?"

Na karɓi littafin na daɗe ina kallo. Gaskiyarta. Lalataccen fayil a filashi kamar rami ne a kan hanya, kullum a nan mota ke faɗawa. Had-dis mai lalataccen wuri shi ma ya fi tsayar da kai a kusan waje ɗaya, kuma sau da yawa za ka ji yana ƙas-ƙas, ko fitilarsa ta kama ta ƙi mutuwa. Namu shiru yake. Zafi kuma yana da tasa alamar: in ka kunna da sanyin safiya ta daɗe, in ka sake kunnawa nan take ta tsaya da wuri, kowane karo na fin na baya gajarta. A littafin, bayan mun share ƙura, ta yi 64, ta yi 47, ta yi 9, wanda ya so ya yi kama da haka, amma ta rubuta a gefe cewa kafin na ƙarshen mun tafi sallah mun bar ta a kashe kusan awa guda. Ta huce sarai, amma ta tsaya a 9. Ba zafi ba ne. Abin da ke tsayawa yau nan gobe can, ba tsari, ba dalili, ya fi kama da RAM.

RAM shi ne faifan da kwamfuta ke baza aikin da take kai a yanzu, kamar tabarmar da ake shanya hatsi. In tabarmar na da huji a wani gefe, muddin hatsin kaɗan ne bai kai wurin ba, ba ka san da hujin ba. Shi ya sa ta zauna lafiya a BIOS, inda aikin bai taka kara ya karya ba. Ɗora Windows kuwa yana cika tabarmar, kuma ba kullum abu ɗaya ke faɗawa kan hujin ba.

Da safiyar Lahadi muka koma shagon caji tun kafin mutane su taru. A jerin nan na F12, Dell ta sa wani zaɓi na binciken lafiyar kayan cikinta, wanda tun Juma'a yake gabana ban kula shi ba. Na zaɓe shi. Ya duba had-dis, ya wuce lafiya, wato abin da na so a kashe wa kuɗi ƙalau yake. Yana zuwa kan RAM ya yi ƙara ya nuna kuskure. Wanda kwamfutarsa ba ta da irin wannan, akwai wani shiri na kyauta mai suna MemTest86 da ake sawa a filashi, aikinsa ke nan.

Muka zare wuta muka buɗe. Ramukan RAM huɗu ne, biyu da kaya biyu babu, kowane sanda gigabait 2. Ana danna 'yan maƙallan da ke gefe biyu sai sandan ya ɗago. A gefe ake riƙe shi, ba a taɓa haƙoransa masu ruwan zinare. Na goge haƙoran a hankali da kilinar fensir, domin wani lokacin datti ne kawai ke hana su haɗuwa, na mayar da duka biyun, na sake bincike. Kuskure na nan. Sai na bi maganar Baffa. Na cire na biyu na bar na farko: lafiya. Na cire na farko na sa na biyu a raminsa: kuskure. Saura tambaya guda, ko ramin na biyun ma yana da laifi? Na sa mai lafiyar a ciki, ya wuce. Ke nan sanda ɗaya ne mara lafiya, ramuka ba ruwansu. Ƙanwata ta ja layi biyu a ƙarƙashin wannan a littafinta.

Kafin azahar ɗan aike ya dawo daga Ɗambatta da batir. Muka sa, na sake saita kwanan wata, na soka filashi. Da sanda ɗaya tak ta tafi har ɗari ba tuntuɓe. Da ta zo inda take neman a haɗa ta da intanet, na zaɓi cewa ba ni da shi. Wannan ma ku riƙe: kwamfutoci da yawa a daidai nan suke maƙalewa, suna ƙoƙarin sauko da sababbin gyare-gyare ta sabis ɗin da bai fi sanda ɗaya ba. A gama shirin tukuna, intanet ya biyo baya. Da fuskar Windows ta bayyana, mai shagon caji ya ce ya yafe kuɗin ranar.

Sai dai gigabait 2 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 10 mai bit 64 ke karɓa, kuma mafi ƙaranci ba ya nufin daɗi. Kana danna abu sai ka ƙirga goma kafin ya buɗe. Na tafi Kano da sandunan biyu a nannaɗe cikin takarda. Mai shagon da ya sayar wa Baffa ya fara da cewa mu muka lalata da injinmu. Na nuna masa hoton kuskuren da na ɗauka a waya, na ce ya sa a tasa kwamfutar mu gani. Ya sa, ya gani, ya sauya min ba tare da ya ƙara magana ba. Dalilin da ya sa na tafi da mai lafiyar shi ne RAM iri-iri ne. Tamu DDR3 take ci. DDR2 da DDR3 na tebur tsawonsu ɗaya, haƙoransu 240 kowanne, amma tsagar da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, wanda ya tura da ƙarfi zai karya. Har a cikin DDR3 ɗin ma, tsofaffin kwamfutoci ba kowane suke karɓa ba. Ka je da naka, a ba ka irinsa, a gwada a gabanka.

Wani abokina a makaranta ya tambaye ni me ya sa ban ɗora mata Windows 11 ba. Ba za ta karɓa ta hanyar da ta dace ba. Windows 11 tana neman gigabait 4 na RAM, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesa ta baya-bayan nan, tamu kuwa Core 2 Duo ce. Akwai masu dabarar tura ta da ƙarfi, kuma ina zargin kaso mai yawa na tsofaffin kwamfutocin da ke wahalar da mutane an ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu ne. Windows 7 kuma, wadda ita ce sa'arta, Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020. Ita kanta Windows 10 an rufe nata babin ranar 14 ga Oktoban 2025. Na zaɓe ta duk da haka, don manhajar gwajin JAMB da na samo wa ƙanwata ta Windows ce, kuma kwamfutar ba intanet za ta riƙa hawa ba, balle a shiga banki da ita. Da don yawo a intanet aka saye ta, da Linux Mint zan sa mata, kyauta ce, ana ci gaba da gyara ta, kuma ba ta da nauyi a kan tsofaffin injina. In an gama jarrabawa ina da niyyar yin haka.

Ke kuma 'yar'uwa ta Bichi, ba ki faɗa min ko taku ta tebur ce ko laftof ba. In laftof ce, maganar duk ɗaya ce, sai dai ki ƙara da cire babban batirinta in irin mai fita ne, ki gwada ta da caja kaɗai, kuma kada ki ɗora ta a kan katifa ko darduma, ramukan shan iskarta a ƙasa suke. Wasu laftof ɗin RAM ɗinsu na ƙarƙashin wani ɗan murfi mai sukuru ɗaya ko biyu, wasu kuwa sai an kwance bayan gaba ɗaya, irin waɗannan ki bar wa mai gyara. In kin ga tana tsayawa a wuri ɗaya kullum, a sake yin filashin, ko a ari wani, mai aƙalla gigabait 8. In da Rufus za a yi shi kuma kwamfutar ta kai shekarun tamu, a zaɓi MBR, don ba ta san sabon tsarin ba. In kuwa ta ƙame tun a cikin BIOS bayan an share ƙura an gwada RAM ɗaya-ɗaya, ko kika ga wasu 'yan gwangwanaye a kan babban allo sun kumbura kai, to wannan ya wuce aikin gida. Ki je wa mai gyara da littafinki a hannu, ki karanta masa abin da kuka riga kuka gwada. Zai rage miki kuɗi, zai kuma san ba wadda za a ce wa bairos ba ce.

Na mayar da sanda na biyu ranar Asabar da ta wuce. Kwamfutar yanzu tana ɗakin Inna, an lulluɓe ta da tsohon zani saboda ƙura, ana yaye shi in za a kunna. Baffa ya ware man awa ɗaya kullum bayan magariba. Na nuna wa ƙanwata maɓallai takwas da JAMB ta tsara a iya yin jarrabawar da su ba tare da linzami ba: A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa, R na fasa miƙawar. Daren farko ta yi gwaji, lokaci ya ƙare mata tana tambaya ta 110. Jiya ta kira ni ta ce ta kai 164, kuma ƙawayenta uku daga unguwar gabas sun fara zuwa, suna karɓa-karɓa minti goma sha biyar-biyar, har ana rigima a kan wadda ta ci lokacin wata. Saura mako huɗu su shiga ɗakin jarrabawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan yatsu goma. Wanda ba shi da kwamfuta ya tanadi kwali da biro, da su za mu fara.